Amsoshin Tambayoyinku: Kafin Ki Ce "Mene Ne", Ki Ce "Ina Ne"

TAMBAYA:  Na kammala karatun likitanci a Masar na dawo gida, yanzu ina shirin zana jarrabawar da hukumar MDCN ke yi wa waɗanda suka yi karatu a waje kafin ta ba su lasisin aiki. Saura wata uku. Sauran fannoni da dama-dama, amma na ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ya gagare ni. Na haddace sunayen cututtuka da alamominsu har sau uku, amma da zarar an kawo tambaya mai labarin majiyyaci sai komai ya cakuɗe mini, amsoshin duk su yi kama da gaskiya. Ta ina zan ɓullo wa abin? Ko in bar shi in ƙarfafa sauran fannonin? Daga wata ɗalibarku a Gusau.

AMSA:  Allah ya sa albarka a karatun da aka yi, ya sa jama'a su amfana. Bari in fara da ƙarshen tambayarki: kada ki kuskura ki bar fannin nan. Ko kin kauce masa a nan, zai tare ki a can. A ɓangaren yara za a kawo miki sanƙarau da malariyar da ta hau ka, a na mata jijjigar masu ciki, a na tiyata ɗan acaɓan da ya faɗi ya bugu a ka. In kuma Allah ya sa kin ci, daren da aka bar ki ke kaɗai a ɗakin gaggawa su ɗin ne dai za a shigo miki da su ranga-ranga.

Tsoron da kike ji kuwa ba kanki farau ba. Ya yi yawa a tsakanin ɗaliban likitanci har wani malamin fannin a Amurka, Ralph Jozefowicz, ya raɗa masa suna a 1994, ya kira shi nurofobiya. Daga wasiƙarki na gane inda gizo ke saƙar: kin kama karatun ta wutsiya. Sunan cuta shi ne abu na ƙarshe da likitan jijiyoyi ke furtawa, ke kuma da shi kika fara.

Ni ma na sha wannan kunyar. A jarrabawarmu ta ƙarshe aka tsayar da ni gaban wani dattijo da ɓarin jikinsa na dama ya mutu. Ban gama dubawa ba na ce, "Shanyewar ɓarin jiki ce, ranka ya daɗe." Malamin ya zare tabarau ya ce, "Wannan ai matarsa ma ta sani, shi ya sa ta kawo shi. Ciwon a ina yake?" Na ce a ƙwaƙwalwa. Ya ce, "Ƙwaƙwalwa gari guda ce. Wace unguwa?" Na yi tsuru-tsuru, gumi na bin gadon bayana. Da ƙyar na sha. Tun ranar na riƙe tambayoyi uku, su nake yi wa kowane majiyyaci da kowace takardar jarrabawa: ciwon ina yake, cikin wane lokaci ya zo, kuma mene ne zai iya kashe mutumin nan yau. In kin amsa su a jere, sunan cutar yakan kawo kansa.

Ta farko: ina ne?

Ki tuna mai gyaran wuta. In aka kira shi aka ce babu wuta, ba ya fara kwance ƙwan fitila, waje yake leƙawa. In unguwar duka ta yi duhu, laifin taransifoma ne. In gida ɗaya ne, wayar da ta sauko daga falwaya. In ɗaki ɗaya ne, makunni ko ƙwai. Faɗin duhun ne ke nuna masa inda zai kafa tsani.

Haka umarnin motsi yake tafiya a jiki. Yana tasowa daga ɓawon ƙwaƙwalwa, ya gangaro ta kututturenta, ya shiga laka. Wannan zangon shi ne layin sama. Daga nan sai ya miƙa saƙon ga jijiya ta biyu, wadda za ta fita ta saiwarta, ta bi hannu ko ƙafa, ta isa mahaɗarta da tsoka. Wannan kuma layin ƙasa ne.

Layin sama linzami ne. In ya tsinke doki ya samu sake: gaɓa ta yi tauri, in kin buga 'yar guduma a gwiwa ƙafa ta zabura fiye da kima, in kin karci tafin ƙafa babban yatsa ya ɗaga sama maimakon ya lanƙwashe, alamar da Joseph Babinski ya bayyana a 1896. Layin ƙasa kuwa shi ke riƙe da ran tsoka. In shi ya lalace gaɓa ta saki, zabura ta ɓace, tsoka ta tsotse, wani lokaci ki ga tana ɗan motsi ita kaɗai a ƙarƙashin fata. Ƙafar yaron da cutar shan inna ta taɓa, siririya sakakkiya, ita ce misalin da kowa ya sani. Tarko biyu ake ɗanawa a nan. Jaririn da bai shekara ba yatsansa na iya ɗagawa sama kuma lafiyarsa ƙalau. Sannan a kwanakin farko na raunin laka gaɓa takan saki tukuna, taurin sai daga baya.

Sai mararraba uku, waɗanda nake so ki zana da hannunki kowace safiya har mako guda. Hanyar motsi tana tsallakawa ɗaya ɓangaren a ƙasan kututturen ƙwaƙwalwa, wurin da ake kira medula. Hanyar jin girgiza da sanin inda gaɓa take tana hawa laka ta ɓangarenta, sai ta kai medula ta tsallaka. Hanyar jin ciwo da jin zafi ko sanyi kuwa ba ta jira, tana shiga laka, gaɓa ɗaya ko biyu, ta tsallake.

Ki duba abin da wannan ɗan zanen yake ba ki a kyauta. In ciwon yana can sama a ɓarin ƙwaƙwalwa, yana sama da duk mararraba, don haka fuska da hannu da ƙafa na ɗaya ɓangaren ne za su mutu tare. In kin ga fuska ko ido a dama amma hannu da ƙafa a hagu, ciwon yana kututture, domin daga nan jijiyoyin fuska da ido suke fita, kuma hanyar motsi ba ta kai mararraba ba. In wuƙa ta yanke rabin laka, ɓangaren raunin ya rasa ƙarfi da jin girgiza, ɗayan kuma ya rasa jin ciwo da zafi. Wannan ne abin da kika haddace da sunan Brown-Séquard, ga shi kin fitar da shi da hankalinki. In laka duka ta matsu, ƙafa biyu za su mutu, fitsari ya tsaya ko ya riƙa zuba, kuma akwai iyakar da ji ya tsaya. Ki ɗauki tsinke ki riƙa hawa daga ƙafa har majiyyaci ya ce ya ji: daidai cibiya T10 ne, daidai kan nono T4. Ki kuma riƙe cewa lakar babba tana ƙarewa a L1 zuwa L2, shi ya sa ake soka allurar ɗibar ruwan laka a tsakanin L3 da L4 ko L4 da L5.

Fuska kullum sai an tambaye ta. Ga saurayi tela ya tashi da safe baki a karkace, a gida an ce iska ce ta buge shi. Ga kuma Hajiya mai hawan jini, ita ma bakin ya karkace. Ki ce wa kowannensu, "Ɗaga gira kamar an ba ka labarin mamaki." Goshi yana karɓar umarni daga ɓarin ƙwaƙwalwa biyu, ƙasan fuska kuwa daga ɓari ɗaya. Hajiya za ta tattare goshinta duka, ta rufe idonta, domin layin sama ne ya lalace, kuma abin gaggawa ne. Telan kuwa rabin goshinsa zai tsaya sumul, ido ya ƙi rufuwa, domin jijiya ta bakwai ce kanta ta samu matsala, wato shanyewar fuska ta Bell. Maganinsa firednisolon cikin awa 72 na farko, da kare idon kada ya bushe.

Magana ma tana da unguwanninta, kuma a yawancin mutane suna hagu. A 1861 Paul Broca a Paris ya bayyana wani majiyyaci da yake fahimtar abin da aka faɗa masa amma ba ya iya furta komai sai "tan", ciwonsa kuwa a gaban ɓarin hagu. A 1874 Carl Wernicke ya bayyana kishiyarsa: magana na zuba kamar famfo amma babu ma'ana, mai ita kuma ba ya gane taki, ciwon yana can baya wajen saman kunne. Ki haɗa wannan da rabon jini. Babbar jijiyar jini ta tsakiya ita ke shayar da yankin fuska da hannu da magana, ta gaba yankin ƙafa, ta baya yankin gani. Dattijon jarrabawata hannunsa ya fi ƙafarsa mutuwa, goshinsa na motsi, yana gane magana amma kalma ba ta fita. Amsar da malamin yake jira ita ce ɓarin hagu, ta gaba, yankin jijiyar jini ta tsakiya. Duk abin yana gabana, ban tsaya na karanta ba ne.

A ido ki riƙe jijiya ta uku. In ta mutu fatar ido ta faɗo, ido ya kalli ƙasa da waje. Zaren da ke tsuke ɗan baƙin tsakiyar ido a bayan jijiyar yake bi, don haka in wani abu ne ke danne ta daga waje, kamar kumburin jijiyar jini ko ƙwaƙwalwar da jini ya turo, ɗan baƙin zai buɗe, kuma ba a kwana da wannan. In ciwon suga ne ya cinye cikinta, sau da yawa ɗan baƙin yana nan daidai.

Sauran unguwannin kowace da tambarinta. Ƙaramar ƙwaƙwalwa ta ƙeya tana ba da tangaɗi kamar na mashayi da kuskuren taɓa hanci, kuma a ɓangaren ciwon suke fitowa. Sagewar da ta fara daga yatsun ƙafa biyu tana hawa kamar safa ta jijiyoyin gaɓoɓi ce: ki nemi ciwon suga, giya, ƙarancin bitamin B12, ko maganin tarin fuka aizoniyazid da aka sha ba tare da bitamin B6 ba. In kin taɓa jijiya a gwiwar hannu kin ji ta yi kauri, ga tabon fata da ba ya jin taɓi, ki tuna kuturta. Raunin da ke ƙaruwa da aiki, fatar ido na faɗowa da yamma, tauna na gagara a ƙarshen cin abinci, amma ji lafiya lau, na mahaɗar jijiya da tsoka ne, wato mayasteniya. Wadda kuma ba ta iya tashi daga tabarma sai ta dafa gwiwa, ba ta iya ɗaga hannu ta taje kai, ciwonta a tsoka yake.

Ta biyu: cikin wane lokaci ya zo?

Taswira ta nuna miki wuri, agogo kuma shi zai gaya miki irin ɓarnar. Abin da ya faɗo farat ɗaya, cikin daƙiƙoƙi ko mintoci, na jijiyar jini ne ko rauni. Abin da ya ɗauki awoyi zuwa kwanaki, ƙwayar cuta ce ko kumburi. Na makonni zuwa watanni, ƙari ne, ko tarin fuka, ko jinin da ke taruwa a hankali a kan tsoho bayan 'yar faɗuwar da kowa ya manta. Na shekaru, lalacewar ƙwayoyin jijiya ce a hankali, kamar cutar da James Parkinson ya bayyana a 1817, mai nauyin motsi da taurin gaɓa da karkarwar hannu in yana hutawa. Abin da ke zuwa ya tafi ya dawo, ki tuna farfaɗiya da ciwon ɓarin kai da toshewar jini ta ɗan lokaci.

Bari mu gwada. Mutum huɗu, kowanne ƙafafunsa biyu sun yi rauni, ji ya tsaya daidai cibiya. Wuri ɗaya ne ke nan, lakar baya wajen T10. Na farko ya faɗo daga kan giginya jiya: karaya ce, a hana bayan motsi. Ta biyu budurwa ce, ta yi zazzaɓi makon da ya wuce, cikin kwana uku ƙafa ta mutu: kumburin laka. Na uku manomi ne, wata huɗu yana ciwon baya da gumin dare da rama, in kin ɗaga rigarsa kin ga ɗan ƙusumbi ya turo: tarin fukan ƙashin baya, cutar Pott, wadda a ƙasarmu tana sahun gaba. Na huɗu tsoho ne ɗan shekara 70 da ya daɗe yana fama da fitsari: ki nemi dajin mafitsara ta maza da ya bazu zuwa ƙashi. Ba ki haddace komai ba a nan, labarin kawai kika saurara. Mai shirya tambaya ba ya rubuta shekarun majiyyaci da sana'arsa da yawan kwanakin ciwo don ado.

Ta uku: mene ne zai kashe shi yau?

Jarrabawar lasisi ba ƙwararre take nema ba, tana so ta tabbatar ba za ki yi kisa ba in an bar ki da mutane. Don haka tambayar da za ki fi gani ita ce, mene ne mataki na gaba?

Ki fara da suga. Wata rana cikin azumi aka kawo mana wani ɗan kasuwa mai ciwon suga, ɓarin jiki ya saki, magana ba ta fita, 'yan uwa har sun fara salati. Ni ina can ina cika takardar hoton kai, wata nas ta soki yatsansa ta auna. Suga ya faɗi warwas, ashe ya sha ƙwayoyinsa da sahur bai ci abin kirki ba. Aka ɗura masa ruwan suga ta jijiya, kafin minti goma ya tashi zaune yana tambayar hularsa. Duk mai suma, duk mai jijjiga, duk wanda ɓarin jiki ya saki: hanyar numfashi, numfashi, bugun jini, sannan suga.

Shanyewar ɓarin jiki iri biyu ce, toshewa da fashewa, kuma hannu ba ya iya rarrabe su da tabbas, sai hoton CT. Shi ya sa ba a ba da asfirin kafin hoto. Littattafan Turai za su ce miki kusan kashi 85 cikin 100 toshewa ce, amma binciken SIREN da aka yi a asibitocin Najeriya da Ghana, aka wallafa a 2018, ya samu kusan kashi 32 cikin 100 zubar jini ne, hawan jini kuma shi ne uban tafiya. Maganin narkar da gudan jini ana ba da shi ne cikin awa huɗu da rabi daga lokacin da aka ga mutum lafiya na ƙarshe. Kada a ba shi ko kurɓin ruwa sai an gwada haɗiyarsa, domin shaƙewa da ciwon huhu na kashe da yawa. Yaro mai sikila kuma ana auna gudun jinin ƙwaƙwalwarsa tsakanin shekara 2 zuwa 16, in ya kai santimita 200 a daƙiƙa yana cikin haɗari. Ƙarin jini a kai a kai ne rigakafin da aka fi sani, binciken da aka yi a asibitocin Kano kuma ya taimaka wajen nuna amfanin haidiroksiyuriya inda ƙarin jinin ba ya samuwa. Ciwon kai da ya faɗo kamar aradu, wanda mai shi bai taɓa jin irinsa ba, ki ɗauke shi fashewar jijiya ne har sai an tabbatar ba ita ba ce.

Sanƙarau ba baƙonki ba ne ke 'yar Gusau. A annobar 1996 sama da mutum 100,000 suka kamu a Najeriya, fiye da 11,000 suka rasu. Rigakafin nau'in A da aka fara a Burkina Faso da Mali da Nijar a 2010, Najeriya ta biyo a 2011, ya kusa kawar da shi, amma annobar 2017 da ta addabi Zamfara da Sakkwato nau'in C ce. Ruwan laka shi ne ake tambaya. Na bakteriya gurɓatacce ne, nutirofil sun cika shi, furotin ya hau, suga ya faɗi ƙasa da kashi 40 cikin 100 na sugan jini. Na bairos garau yake, limfosait ne a ciki, suga daidai. Na tarin fuka limfosait ne shi ma, amma furotin ya hau sosai, suga ya sauka, labarin kuma na makonni ne. Mai cuta mai karya garkuwar jiki da ya daɗe yana ciwon kai, ki nemi kiriftokokas. Kada ki soka allura in ɓarin jiki ya mutu, ko bayan ido ya kumbura, ko suma ta yi nisa, sai an yi hoto. Amma ko za a jinkirta allurar, ba a jinkirta magani: seftirayazon giram 2 ta jijiya duk awa 12 ga babba. Yaro mai zazzaɓi da doguwar suma a damina kuma, ki auna malariya, ki ba da artesunet miligiram 2.4 a kowane kilo, ko 3 in bai kai kilo 20 ba, a take, sai bayan awa 12, sai bayan 24.

Jijjigar da ta wuce minti 5 ba ta jiran kowa. A kwantar da majiyyaci ta gefe, a ba shi iskar oksijin, a auna suga, a ba babba dayazifam miligiram 10 ta jijiya a hankali, a maimaita sau ɗaya in ba ta tsaya ba. Daga nan sai fenitoyin miligiram 20 a kowane kilo, cikin ruwan gishiri ba na suga ba, kuma kada gudunsa ya wuce miligiram 50 a minti. In mai ciki ce ko mai jego, hawan jini ga kumburi, maganinta magnisiyam salfet ne, kuma 'yar gudumarki za ta sake yin aiki, domin ɓacewar zaburar gwiwa ita ce alamar farko cewa maganin ya yi yawa, makarinsa kalsiyam gulukonet. Balfuro'et kuma a guje masa ga macen da za ta iya ɗaukar ciki, saboda yana nakasa lakar ɗan tayi.

Ga wanda ya bugu a ka, ma'aunin Glasgow da Teasdale da Jennett suka fitar a 1974 yanzu daga 3 zuwa 15 yake: buɗe ido 4, magana 5, motsi 6. In ya sauka zuwa 8 ko ƙasa, a kare hanyar numfashi. Ɗan acaɓan da ya suma ya farfaɗo, ya yi magana garau har ya ce zai tafi gida, bayan 'yan awoyi ya sake zurmawa ɗan baƙin ido ɗaya a buɗe, jini ne ke taruwa tsakanin ƙoƙon kai da rigar ƙwaƙwalwa. A hoto yana fitowa mai tudu ta ciki kamar ƙwayar wake, na tsoho kuwa da ke ƙarƙashin rigar kamar jinjirin wata yake. Maganin ɗan acaɓan tiyata ce nan take.

Na ƙarshe, raunin da ya fara daga ƙafa yana hawa cikin kwanaki, bayan gudawa ko mura da mako ɗaya zuwa uku, zabura ta ɓace: cutar Guillain-Barré, wadda aka bayyana a 1916. Furotin ya hau a ruwan laka amma ƙwayoyi ba su ƙaru ba. Abin da ke kashewa numfashi ne, don haka shi za ki riƙa aunawa, kuma firednisolon ba ya amfani a nan. Duk yaro ɗan ƙasa da shekara 15 da gaɓarsa ta saki farat ɗaya kuwa sai an kai rahoto, an ɗauki bayan gidansa sau biyu cikin kwana 14 domin binciken shan inna, ko da yake tun Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayar.

Yadda za ki raba wata ukun

Mako biyun farko taswira kawai, da biro da takarda, har ki iya zana ta a rufe da littafi. Daga nan sai tambayoyi masu labari, ashirin ko talatin a rana, kuma ki rufe amsoshin da hannu. Ki rubuta wuri, ki rubuta lokaci, ki rubuta haɗarin yau, sannan ki ɗaga hannun. Duk wadda kika faɗi, ki rubuta a wani ɗan littafi a wace daga cikin ukun kika zame. Bayan mako biyu littafin zai gaya miki inda rauninki yake fiye da kowane malami.

Gani kuma ya kori ji. Ki nemi izini a asibitin da ke kusa da ke ki riƙa bin zagayen safe. Ki duba mutum ɗaya a rana daga sama har ƙasa da tsari ɗaya: kallo, taurin gaɓa, ƙarfi daga 0 zuwa 5, zabura, ji, daidaito, sannan tafiya. Ki riƙa faɗin abin da kika gani da babbar murya gaban ƙawarki, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi, hannun da bai saba riƙe guduma ba mai jarrabawa na gane shi tun daga bugun farko. Ki kuma gwada duk ma'aunin maganin da na ambata da ƙa'idar da ake aiki da ita yanzu, domin waɗannan lambobi ana sabunta su.

Ga sauran masu karatu da ba likitoci ba, magungunan nan ba na saye a kemis ba ne. Naku biyu ne: in bakin mutum ya karkace ko hannunsa ya saki ko magana ta sarƙe, a garzaya asibiti a lokacin, kada a jira gari ya waye. In kuma mutum na jijjiga, kada a cusa masa cokali ko a ɗura masa wani abu a baki, a juya shi ta gefe.

Ke kuma 'yata, ba a fafe gora ranar tafiya, amma wata uku sun isa in kin fara zanen nan gobe da safe. Allah ya ba da sa'a, in sakamako ya fito a sanar da mu.